Daga Gidan Kangararru Zuwa Zauren Mai Unguwa

Mu da muka daɗe muna aikin walwalar yara a kotunan Najeriya, turba ɗaya muka gada: yaro ya yi laifi, a kulle shi. Tushen aikin dokar yara ce ta 1943 da Turawa suka kafa a Legas, ta iso Arewa a 1958. Ta tanadi jami'in da zai sa wa yaro ido yana gaban iyayensa, amma a aikace gidan kangararru ya fi karɓar baƙi. Dokar 1962 ta zo da gidajen horar da matasa, irin na Kaduna, daga baya aka samu na Abeokuta da Ilorin. Gidaje ƙalilan ga ƙasa guda! Da gurbi ya ƙare sai a tura yaro cikin manyan fursunoni, ya shiga da satar kaza ya fito ya iya fasa shago.

Dokar 'yancin yara ta 2003 ce ta fara juya akalar. Ta ce tsare wanda bai kai shekara 18 ba shi ne mataki na ƙarshe, ta kuma ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara damar kashe ƙaramar magana ta hanyar sulhu. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta kawo hukuncin yi wa al'umma aiki, sannan wata doka ta 2019 ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali, da sashe na musamman na hukuncin da ba ɗauri.

Wanda ya taɓa zaman sulhu ya san nauyinsa. Ga mai unguwa, ga uban yaro kai a sunkuye, ga wanda aka sace wa waya yana faɗin abin da ya yi asara. Yaron zai buɗe baki ya amsa laifinsa a gaban mutanen da zai gaisar gobe da safe. A yanka abin da za a biya kaɗan-kaɗan, a damƙa shi ga wani kafinta ko tela, jami'i ya riƙa leƙawa.

Nan ne gizo ke saƙa: jami'an ba su da yawa, kuɗin zirga-zirga ma wuya yake yi. Wasu yara da suka yanke jiki suka faɗi a kotun tarayya ta Abuja a Nuwamban 2024, bayan watanni a tsare, shaida ne cewa doka ta yi gaba ta bar aiki a baya. Gwamnatocin jihohi su ɗauki ma'aikata su ba su kayan aiki, masu sana'a kuma su buɗe wa yaran nan ƙofa.