Tarihin Raba Addini da Gwamnati a Faransa

Raba addini da gwamnati, wanda Faransawa ke kira layisite, tsari ne da ya hana hukuma ɗaukar wani addini a matsayin nata ko biyan malamansa albashi, ya kuma ba kowa ’yancin bin addinin da ya ga dama ko ya ƙi bin kowanne. Dokar 9 ga Disamba 1905 ce ginshiƙinsa, amma an shafe fiye da shekara ɗari ana kai ruwa rana kafin a kai gare ta.

Kafin juyin juya halin 1789, sarauta da Cocin Katolika tamkar ɗan juma ne da ɗan jummai. A babban cocin birnin Reims ake naɗa sarki. Coci na da gonaki masu yawa, yana karɓar ushira daga manoma, kuma rajistar haihuwa da aure da mutuwa tana hannun limamansa. Sarki Henri na Huɗu ya ba ’yan Furotesta damar yin ibada a 1598, amma Louis na Sha Huɗu ya soke ta a 1685, dubbai suka yi hijira.

Masu juyin juya hali sun ƙwace dukiyar coci a Nuwamba 1789. A 1790 suka mai da limaman coci ma’aikatan gwamnati, suka tilasta musu rantsuwar biyayya, abin da ya raba kan limaman gida biyu. A 1792 rajistar aure da haihuwa ta koma ofishin magajin gari. Napoleon ne ya kwantar da ƙurar ta hanyar yarjejeniyar da ya ƙulla da Fafaroma Pius na Bakwai a 1801: gwamnati ta riƙa zaɓen bishop-bishop tana biyan limamai albashi, coci kuwa ya haƙura da dukiyar da aka ƙwace. Daga baya tsarin ya haɗa da fastocin Furotesta da malaman Yahudawa.

Rikicin ya sake tashi a Jamhuriya ta Uku, wadda aka kafa a 1870, kuma a kan makaranta ya fi zafi. ’Yan jamhuriya na ganin muddin coci ke tarbiyyar yara, to masu son dawo da sarauta ba za su ƙare ba. Dokokin minista Jules Ferry na 1881 da 1882 sun mai da firamare kyauta kuma tilas, sun cire darasin addini daga makarantun gwamnati, aka bar ranar Alhamis ba karatu domin iyaye su kai ’ya’yansu koyon addini a waje. Shari’ar Kyaftin Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa a 1894, ta ƙara rura wutar, domin wasu jaridun Katolika sun tsaya kai da fata wajen sukarsa. Firaminista Émile Combes, wanda ya hau mulki a 1902, ya rufe dubban makarantun ƙungiyoyin coci, kuma a 1904 Faransa ta yanke hulɗar jakadanci da fadar Fafaroma.

Aristide Briand ne ya jagoranci dokar 1905 a majalisa, da goyon bayan Jean Jaurès, kuma ya zaɓi sassauci maimakon murƙushe coci. Sashe na farko ya tabbatar da ’yancin imani da na ibada. Na biyu ya ce jamhuriya ba ta amince da wani addini a hukumance ba, ba ta biyan albashi, ba ta ba da tallafi, sai dai ga malaman da ke aiki a asibitoci da gidajen yari da makarantun kwana. Fafaroma Pius na Goma ya yi tir da dokar a 1906, kuma da jami’ai suka shiga ƙidayar kayan coci, an yi arangama a wurare da dama. Ba a daidaita ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya: an maido da jakadanci a 1921, aka cimma matsaya kan kula da dukiyar coci a 1924.

Rabuwar ba ta taɓa zama cikakkiya ba. Galibin coci-cocin da aka gina kafin 1905 mallakar hukuma ne, har da Notre-Dame ta Paris, masu ibada na amfani da su kyauta. Yankin Alsace da Moselle yana hannun Jamus lokacin da aka yi dokar, don haka har yau gwamnati ke biyan malaman addini a can. A Aljeriya ma Turawan mulkin mallaka sun ci gaba da biyan limaman masallatai domin su riƙe linzaminsu. Tun 1959 kuma gwamnati ke biyan malaman makarantu masu zaman kansu da suka ƙulla yarjejeniya da ita, galibinsu na Katolika.

Kundin tsarin mulki na 1946 da na 1958 sun sanya layisite cikin siffofin jamhuriya, kuma ƙasashe da dama rainon Faransa sun gaji tsarin. Kundin Nijar na 2010 ya lissafa raba gwamnati da addini cikin manyan ƙa’idojinsa. A Faransa kanta, muhawarar ta koma kan Musulunci tun 1989, lokacin da aka kori ɗalibai mata uku a garin Creil saboda ɗankwali. Dokar 2004 ta haramta fitattun alamomin addini a makarantun gwamnati, ta 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama’a. Magoya bayansu na cewa kare makaranta suke yi; masu suka kuwa na cewa dokar 1905 hukuma ta ɗaure wa hannu, ba talaka ba.