Hannu Kafin Mota: Yadda Agajin Gaggawa Ya Samo Asali

Duk lokacin da aka yi mummunan haɗari a hanyar Kaduna zuwa Kano, koken da ake fara ji shi ne babu motar asibiti. Koken gaskiya ne, amma ya ɓoye wata tambaya: in motar ta zo, wa ke cikinta, me kuma ya iya? A 2026 ne wani ɗan siririn rahoto da Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka ta fitar a 1966 yake cika shekara 60, kuma tarihinsa ya nuna cewa abin da ya haifi agajin gaggawa na zamani horar da mutane ne. Motar kam ta daɗe tana nan ba ta hana mutuwa ba.

Yawancin masu ba da wannan tarihi daga fagen yaƙi suke ɗauko shi. Sukan fara da Dominique Larrey, likitan fiɗa na sojan Faransa, wanda a shekarun 1790 ya ƙirƙiro kekunan doki masu sauri don kwaso masu rauni tun ƙura ba ta lafa ba, ya kuma ce a fara da wanda ya fi jin jiki ko da kurtu ne. Sai Jonathan Letterman da ya tsara rundunar ɗaukar majinyata a yaƙin basasar Amurka a 1862, sai karan ɗorin Thomas da ya rage mutuwar masu karayar cinya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai jirgi mai saukar ungulu a Koriya da Biyetnam. Duk an yi haka. Sai dai in yaƙi ne uban wannan aiki, me ya sa ilimin ya tsaya a bariki? Asibitin Bellevue na birnin New York ya fara aika keken ɗaukar marasa lafiya tun 1869, amma bayan kusan shekara 100 wanda mota ta buge a titin Amurka bai ga wani canji na kirki ba.

Abin da rahoton 1966 ya tona ke nan. Ya ce a 1965 kaɗai haɗurra sun kashe Amurkawa kusan 107,000, kimanin 49,000 daga cikinsu a kan titi. Ya ce kusan rabin aikin ɗaukar majinyata a ƙasar masu sana'ar shirya gawa ne ke yin sa, don motarsu ce ke da tsawon da mutum zai kwanta. Ya kawo ra'ayin likitocin da suka dawo daga fagen daga, cewa mai mummunan rauni ya fi samun damar rayuwa a can fiye da a titin gari. Wannan abin kunya ne ya motsa hukuma, aka ɗora wa sabuwar Ma'aikatar Sufuri alhakin tsara horon ma'aikatan motar asibiti, a 1973 kuma aka yi dokar da ta ba da kuɗin kafa tsarin agaji yanki-yanki.

Inda hujjar ta fi fitowa fili shi ne birnin Pittsburgh. A unguwar baƙar fata ta Hill, ƴan sanda ne ke kwasar marasa lafiya a bayan motarsu, in ma sun zo. A 1967 aka kafa ƙungiyar agaji ta Freedom House, aka ɗebo samarin unguwar, da yawansu ba su da aikin yi, aka danƙa su ga likita Peter Safar, wanda ya yi fice wajen koyar da hura numfashi baki da baki. Ya koya musu buɗe hanyar numfashi, da tsayar da jini, da danna ƙirji, da sa ruwa ta jijiya, abubuwan da a da ake ganin sai a asibiti. Daga baya likita Nancy Caroline ta jagorance su, daga wannan aiki kuma ta rubuta manhajar da aka horar da ma'aikata da ita a faɗin ƙasar. A 1975 hukumar birnin ta janye tallafinta, ƙungiyar ta rushe, aka kafa ta gwamnati a gurbinta. Abin takaici ne yadda aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta, har aka daɗe ba a ambaton sunan waɗannan samari.

Wani zai ce Faransa ta bi wata hanya, tun da Louis Lareng ya kafa tsarin SAMU a Toulouse a 1968, inda likita da kansa ke zuwa wurin haɗari. An sha muhawara kan wanne ya fi tsakanin wannan tsari da na Amurka, musamman bayan rasuwar Gimbiya Diana a Paris a 1997, amma ɓangarorin biyu sun yarda a kan tushe ɗaya: magani a bakin titi yake farawa. Gardamarsu a kan wane ne zai yi shi ce, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauka.

Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne na masu cewa wannan zancen ƙasashe masu arziki ne. Gana ta amsa musu. Wajajen 1998 zuwa 2000, likita Charles Mock da abokan aikinsa sun lura cewa direbobin haya ne ke kai mafi yawan masu rauni asibiti, sai suka horar da sama da 300 daga cikinsu a ɗan gajeren darasi: yadda ake kwantar da wanda ya suma, da danne rauni mai zubar jini, da ɗaure karaya da abin da ke hannu. Da aka bi sawunsu, an tarar da yawa sun yi aiki da abin da suka koya. Hukumar motocin asibiti ta ƙasar sai a 2004 aka kafa ta, bayan turereniyar filin wasa na Accra a 2001 da ta ci rayuka sama da 120.

A Najeriya akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, akwai dokar 2017 da ta tilasta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar ƴan sanda ba, akwai kuma tsarin agajin gaggawa na ƙasa, NEMSAS, da aka ƙaddamar a 2022. Duk ci gaba ne. Amma har gobe wanda ke fara isa kan mai rauni direban haya ne, ko ɗan acaba, ko mutanen ƙauyen da ke gefen hanya. Su ne ke fizgo shi daga cikin mota wuya na lilo, su ɗura masa ruwa alhali a sume yake, duk da kyakkyawar niyya. Ƙungiyoyin direbobi suna da rassa a kusan kowace tasha, kuma darasin da aka yi a Gana bai wuce na yini guda ba.