Atamfar Adjamé da Treichville: daga ina take fitowa?

Wanda ya shiga shagunan yadi na Rue 12 a Treichville, ko ya kutsa cikin cunkoson kasuwar Adjamé, zai ga zane iri ɗaya a kan farashi uku ko huɗu. Wurin da aka buga atamfar ne ke raba su, kuma wannan wuri ya sha canzawa.

Da fari kayan Turai ne ke riƙe da kasuwa: holan ta kamfanin Vlisco da ke Helmond a ƙasar Holan, sai ta Ingila daga yankin Manchester. Daga baya Kodebuwa ta kafa nata masaƙu. Gonfreville ta Bouaké ta samo asali tun 1921, aka buɗe UTEXI a Dimbokro da COTIVO a Agboville a shekarun 1970, aka kafa Uniwax a 1968, wadda masana'antarta ke Yopougon kuma ta daɗe a cikin rukunin Vlisco. A wancan lokaci audugar arewa, ta wajejen Korhogo, ita ke ciyar da masaƙun.

Abubuwa uku suka sauya lamarin. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, holan ta fi ƙarfin aljihun mutane da yawa. A Satumban 2002 rikici ya raba ƙasar biyu, Bouaké ta faɗa hannun 'yan tawaye, masaƙu suka rasa hanyar auduga. Sai kuma farkon 2005, lokacin da aka soke ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke shigarwa a cinikin duniya. Masana'antun Sin suka bunƙasa, samfura irin su Hitarget suka cika rumfuna, manyan 'yan kasuwa suka riƙa zuwa Guangzhou da samfurin zane a jaka, ana buga musu kwantena guda. Wani kayan ta tashar Abidjan yake shigowa, wani ta Lome, ya biyo mota. Masu sari a Kantin Kwari na Kano sun san wannan labari, domin masaƙun Kaduna ma haka suka durƙushe.

Shadda kam ta ɗan tsaya da ƙafarta. Getzner ta Ostiriya har yanzu ita ce ta sama, galibi a Bamako ake rina ta, ko da yake ita ma ta Sin tana bin ta a baya.

Nauyin sauyin a kan ƙaramin ɗan kasuwa ya fi sauka. Sarin Sin yana son kuɗi hannu da jiran jirgin ruwa na makonni, kafin kaya ya iso wataƙila yayin zanen ya wuce. Ga kwaikwayo: har tambarin bakin yadi ake kwafa. Bahaushen da ya sayar wa mai haɗa lefe turmi mai yadi 6 a matsayin holan, ta zuba a wankin farko, ya rasa wannan gida da danginsu. Shi ya sa tsofaffin 'yan tireda ke juya yadin su duba ko launi ya ratsa bayansa, su murza shi a hannu, kafin su ce sun sallama.