Jakadancin bakin iyaka, daga Tumbi zuwa Maigatari

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba da digiri na biyu kan harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya, wanda ma'aikata ne suka fi rububinsa, irin su jami'an kwastan da na shige da fice da 'yan jarida. Sanin yarjejeniyar Biyana ta 1961 da tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya yana da amfani, ba musu. Sai dai jami'in da za a tura Maigatari, garin bakin iyaka da ke cikin masarautar Gumel, ya fi buƙatar tarihin Gumel ɗin, domin masarautar nan da iya zama da maƙwabta ta rayu.

Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta kuma bi Barno. Jihadi ya zo ya wuce bai ci ta ba, sai ta wayi gari a matse: Kano da Haɗeja masu tutar Sakkwato ga su nan kusa, Damagaram kuma ta tsaya mata a ka daga arewa. A 1845 aka tashi daga Tumbi aka dawo da fadar zuwa garin Gumel na yanzu. Wani zai ce ai da yaƙi ta tsira, kuma yana da hujja, tunda rikici da Haɗeja bai lafa ba sai bayan rasuwar Sarki Abdullahi a 1872, harin Damagaram kuwa ya ci gaba har zuwan Turawa. Amma ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ba ta kai shekara ɗari da hamsin da takobi kaɗai. Gaisuwar da ake aika wa Shehun Barno ita ce garkuwarta, kuma manzon da zai kai ta dole ya san wa ake fara gani a fada, me ake faɗa, me ake haɗiyewa.

Turawa suka zo da nasu salon, na takarda da taswira. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa, suka sake shi a 1898, suka kuma gyara a 1904 da 1906, saboda Faransa tana neman hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamomin iyaka har 1908. Babu Bagumale ko ɗaya a teburin, ga shi Tumbi, tsohuwar fadar, ta faɗa ɓangaren Faransa. Daga nan jakadancin ya koma kasuwa. Duk ranar Alhamis a karar Maigatari, fatoma ne ke saukar da baƙon da ya koro shanu da raƙuma daga Nijar, ya tsaya masa, dillali ya daidaita sefa da naira ya karɓi la'adarsa, in rigima ta tashi a kashe ta kafin ta kai ofis.

Ƙorafi mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi shi ne yanzu Abuja da Yamai ke yanke hukunci, ga hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu tun 1971. Haka ne, Abuja ce ta rufe iyaka a Agustan 2019, ita ce kuma ta buɗe Maigatari cikin ƙofofi huɗu na farko a Disamban 2020. To amma a duba 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, tawagar farko ta ECOWAS ta dawo daga Yamai ba ta ga jagoran juyin, Janar Tchiani, ba, alhali Muhammadu Sanusi na Biyu ya samu ganinsa a watan Agusta, kuma Sarkin Damagaram ne ya raka shi, wato magajin gadon da Gumel ta daɗe tana lallaɓawa. Duk da haka sai a Maris na 2024 Najeriya ta janye takunkumin ta buɗe ɓangarenta, bayan yankin ciniki maras haraji na Maigatari da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki ya shafe wata bakwai yana kallon ƙofa a rufe.