Takalman Nagata: Gini Ya Tashi, Ciniki Bai Dawo Ba

Da asubahin 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa Kobe da kewayenta a ƙasar Japan, mutum 6,434 suka rasu. A gundumar Nagata da ke cikin birnin Kobe gobara ce ta ƙarasa abin da girgizar ta bari, domin bututan ruwa sun farfashe, 'yan kwana-kwana suka rasa abin kashe wuta. Nagata kuwa ita ce cibiyar yin takalman roba a Japan, kuma mafi yawan masana'antunta sun rushe ko sun ƙone. Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da ke riƙe da ƙaramar sana'a maƙwabtaka ce, kuma hukumomin Kobe sun fi kula da siminti fiye da ita.

Takalmi ɗaya a Nagata yakan bi ta hannaye da yawa. Wani gida yanka yake yi, wani ɗinki, wani haɗa tafin takalmi, duk a 'yan layuka kusa da juna, kuma da yawa daga ma'aikatan 'yan asalin Koriya ne da Biyetnam da ke kwana a unguwar. Idan mai ɗinki ya bar gari, mai yanka ya zauna banza ko da injinsa lafiya lau yake. Abin da ya faru ke nan. An raba wa waɗanda suka rasa muhalli gidajen wucin gadi ta hanyar ƙuri'a, galibinsu a bayan gari, aka warwatsa mutanen da suka shekara suna ba juna bashi da aiki. Fiye da mutum 200 sun mutu su kaɗai a waɗannan ɗakuna, abin da ya isa ya tayar wa kowa hankali.

Wata biyu kacal bayan bala'in, a Maris 1995, hukumar birnin ta zartar da tsarin sake gina kusan hekta 20 a kudancin tashar jirgin ƙasa ta Shin-Nagata, alhali masu wurin suna sansanonin gudun hijira. Dogayen benaye suka maye gurbin tsoffin rumfuna. Ɗan kasuwar da bai gama biyan bashin shagon da ya ƙone ba sai da ya ci sabon bashi, ga kuɗin kula da gini kowane wata, ga ƙarancin masu saye. Shaguna da dama sun daɗe a rufe.

Za a iya cewa sana'ar ta kama hanyar durƙushewa tun kafin 1995, saboda takalma masu araha daga China. Gaskiya ne, kuma wannan ma dalili ne na yin sauri wajen mayar da ma'aikata mazauninsu, tunda dillalin da ya koma wani wuri da wuya ya juyo. Tashar jiragen ruwan Kobe ta ga haka: an gyara ta cikin kimanin shekara biyu, amma kaya da yawa sun riga sun koma tashar Busan da ke Koriya ta Kudu.

Unguwar Mano, a cikin Nagata ɗin, ta bi wata hanya dabam. Mazaunanta sun shafe shekaru suna da ƙungiya tun lokacin da suka yaƙi gurɓatar iska daga masana'antu, don haka a ranar girgizar suka jeru da bokitai, tare da ma'aikatan kamfanonin unguwar, suka tare wutar kafin ta cinye layukansu. Masani Daniel Aldrich, a littafinsa Building Resilience na 2012, ya nuna cewa a Kobe gundumomin da suka fi yawan ƙungiyoyin al'umma su suka fi saurin dawo da jama'arsu.