Ƙaramar jif a hanyoyin Birnin Kudu da Gwaram: Abin da take iyawa da abin da riƙonta ke ci

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma, ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Gwaram da Basirka, ya san wannan mota ko da bai san sunanta ba. Ta fi Corolla tsayi, ba ta kai Prado girma ba, jama'a kuwa jif suke ce mata. Ma'aikacin gwamnatin da ke aiki a Dutse iyalinsa na Dingaya, da ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Sara, dalili ɗaya ke jan su gare ta: tafiyarsu takan fara a kan kwalta ta ƙare a kan burji.

Sai dai sunan jif yakan ruɗi mai saye, ya ɗauka ya mallaki motar da babu inda ba za ta shiga ba. Motar tana da amfani ƙwarai a wannan yanki, amma tana da iyaka a wurare uku: ruwa, lodi da aljihun mai ita.

Mece ce ƙaramar jif?

Kalmar jif ta samo asali ne daga Jeep, motar da sojojin Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. A hankali sunan ya zama na duk wata doguwar mota mai rufaffen baya. Ƙananan da muke magana a kansu sun fito ne daga baya. Kamfanin Toyota ya fitar da RAV4 a 1994, Honda ya biyo da CR-V a 1995, sannan Hyundai ya kawo Tucson a 2004. Akwai kuma Kia Sportage da Nissan X-Trail da Ford Escape.

Bambancinsu da manyan jif yana cikin ƙira. Prado da Hilux an ɗora jikinsu ne a kan ƙaƙƙarfan ƙarfen gindi irin na motocin ɗaukar kaya. Ƙaramar jif kuwa jikinta da gindinta haɗe suke, tamkar Corolla ko Camry. Wannan ne ya sa take da daɗin tuƙi da rangwamen shan mai, shi ne kuma ya sa ba ta jure dukan da babbar jif ke jurewa.

Babbar fa'idarta ita ce tsayi. Tsakanin cikin RAV4 ta shekarun 2006 zuwa 2012 da ƙasa akwai kimanin santimita 19, yayin da na Corolla yake wajen 15. Wannan ɗan bambanci ne ke raba motar da ta haye kunyar hanya lafiya da wadda ta bar salansarta a can.

Ya kamata mai saye ya san cewa da yawa daga cikinsu tayoyin gaba kaɗai ke ja. Masu jan taya huɗu ana rubuta musu 4WD ko AWD a baya, kuma ko su ɗin da tayoyin gaba suke tafiya a yawancin lokaci, sai sun ji santsi na baya su kama. A wasu RAV4 akwai maɓallin kulle tayoyin huɗu don fita daga yashi ko taɓo, amma yakan saki da kansa da zarar gudu ya wuce kilomita 40 a sa'a.

Damina, hunturu da bazara

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta, hanyoyin ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu sukan canza kama. Ruwa yakan zaizaye gefen hanya, ya cika kwalbati, wani lokaci ya haye kan kwalta. A Agustan 2021 mutum 21 suka rasu a ƙauyen Radabi da ke kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, bayan ambaliya ta karya gada, matafiya suka afka ciki.

Tsayin jif ba ya maganin ruwa mai gudu. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, wanda ya kai 60 kuwa yana iya ɗauke jif. Ko ruwan a tsaye yake, idan ya shiga bututun da inji ke shaƙar iska, injin yakan ƙame nan take, gyaransa kuma yakan kai ga sayen wani. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan ba a ganin ƙasan hanya, a tsaya a jira ko a juya. Idan motar ta mutu cikin ruwa, kada a sake tayar da ita sai bakanike ya duba. Tafiyar dare bayan ruwan sama mai ƙarfi ita ce mafi haɗari, domin fitila ba ta nuna gadar da ta rufta sai an iso bakinta.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Takan toshe matacin iska, motar ta rage ƙarfi ta ƙara shan mai, don haka a riƙa cire shi ana dubawa, a canza idan ya yi baƙi. Idan hazo ya yi kauri a kunna fitila ko da rana. Da bazara kuwa, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce maki 40, lagireto da taya ne ke shan wuya. A riƙa duba ruwan lagireto da safe kafin a tayar da mota, kada a buɗe murfinsa inji na da zafi.

Lodi: buhu nawa take ɗauka?

A nan ne 'yan kasuwa suka fi cutar da motocinsu. A jikin ƙofar direba akwai takardar da aka manna mai nuna nauyin da motar za ta iya ɗauka. A yawancin RAV4 da CR-V da suka zo daga Amurka nauyin yana wajen kilo 400 ne, kuma har da mutanen da ke ciki. Ke nan direba da buhu uku na gero ko dawa masu kilo 100 sun kusa cike ma'aunin. Wanda ya ɗauki fasinja huɗu ya ƙara buhu biyu a baya ya riga ya wuce iyaka.

Lodin da ya wuce ƙima yana kashe shokazoba, yana zafafa taya, yana tsawaita nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya. Ɗora kaya a rufi ya fi muni, domin doguwar mota dama ta fi gajera saurin kifewa idan aka karya sitiyari da gudu. Wanda sana'arsa ita ce jigilar riɗi ko zoɓo ko shinkafa lokacin kaka, a-kori-kura ta fi dacewa da shi.

Lissafin mai

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin riƙon mota ya canza. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama.

Tankin RAV4 yana cin kimanin lita 60, na CR-V ɗan ƙasa da haka. Mai injin lita 2.4 ko 2.5 da ke da lafiya takan yi tsakanin kilomita 9 zuwa 12 da lita ɗaya, Corolla kuwa tsakanin 11 zuwa 14. A ɗauka ma'aikaci yana cin kilomita 1,500 a wata. Idan jif ɗinsa na yin kilomita 10 da lita, zai sha lita 150. Da Corolla mai yin 13 ce, lita 115 ta ishe shi. Bambancin lita 35 ne, wato Naira 35,000 idan lita na kan 1,000, rabin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Mai injin V6 ta fi haka sha.

Kulawar yau da kullum

Littattafan waɗannan motoci suna lissafa tuƙi a hanya mai ƙura cikin aiki mai tsanani, don haka bakanikai da yawa ke ba da shawarar yin juye duk bayan kilomita 5,000. Nau'in baƙin man da injin ke so, kamar 5W-20 ko 0W-20, a rubuce yake a murfin da ake zuba shi ko a cikin littafin motar. Zuba mai kauri don kawai shi ne a kusa yana gajarta ran inji. Haka giya: Nissan Rogue da CR-V daga ta 2015 suna da nau'in giyar da ake kira CVT, wadda take da man kanta, wani daban kuma yana iya lalata ta.

Iskar taya ma a jikin ƙofar direba aka rubuta ta, yawanci tsakanin 30 da 33. Mai faci da ya saba da motocin haya yakan buga fiye da haka idan ba a tsaya a kansa ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara huɗu da ƙera ta. Mai jan taya huɗu tana bukatar tayoyinta su zama girma ɗaya. Ƙaramar safaya da wasu ke zuwa da ita kuwa ba a wuce kilomita 80 a sa'a da ita.

Ƙananan gyare-gyare ana yin su a Birnin Kudu da Dutse, amma babban kayan gyara yawanci sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. Wannan ya sa ƙirar da kayanta suka wadata a kasuwa ta fi wadda ba a saba gani ba sauƙin riƙo, ko da ta fi ta tsada ranar saye.

Takardu da dokar hanya

Mai mota yana bukatar lasisin tuƙi, takardar rajistar mota, shaidar lafiyar mota da inshora. Daga Janairun 2023 kuɗin inshorar da ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, tana kuma biyan har Naira miliyan 3 na dukiyar da aka lalata. Mai baƙin gilashi yana bukatar izinin 'yan sanda.

Iyakar gudun motar gida ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. A lura cewa motocin da suka zo daga Amurka da mil suke ƙirga: idan allura ta nuna 60, gudun ya kusa kilomita 97.

Kafin a biya kuɗi

Yawancin waɗannan motoci na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, saboda haka a tantance takardar kwastam kafin a biya. A gwada lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 da wadda ke cikin takardu. Da wannan lamba ana iya binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka a intanet, a ga ko ta taɓa yin mummunan haɗari ko ambaliya ta cinye ta.

A je da bakaniken da ba na dillali ba, ya sa na'urar bincike, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗaga shimfiɗar ciki ko akwai tsatsa ko busasshen taɓo. A tuƙa ta a kan kwalta da kan burji, a saurari ƙarar ƙafafunta. Araha ba ta ado, kuma bai kamata kuɗin saye ya cinye duk abin da aka tara ba: a bar na juye da taya da takardu.

Wanda yawancin tafiyarsa tsakanin Dutse da Kano take, ƙaramar mota ta wadace shi. Wanda kuwa kowane mako sai ya sauka daga kwalta ya shiga Dingaya ko Kila ko Fagam, ƙaramar jif za ta biya masa bukata shekaru masu yawa, muddin ya kiyaye nauyin da aka rubuta a ƙofarta, ya kuma ja birki a duk inda ruwa ya rufe hanya.