Yankin dagargajewar dutse a tsagar ƙasa

Yankin dagargajewar dutse shi ne zirin duwatsun da suka tsattsage a gefe biyu na tsagar ƙasa sa'ad da ta zame lokacin girgizar ƙasa. Faɗinsa yakan kai ɗaruruwan mita. Saboda yawan tsaga da ruwan da ke cika su, igiyoyin girgiza suna rage gudu sosai a cikinsa, wani ɓangare na ƙarfinsu kuma yana salwanta. Wasu igiyoyin kan maƙale a zirin, suna kai da komo tsakanin bangwayensa masu tauri, abin da ke ƙara ƙarfin jijjiga da tsawonta a kusa da tsagar.

An yi nazarin wannan yanayi bayan girgizar Landers mai ƙarfin maki 7.3, wadda ta auku a hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya, Amurka, ranar 28 ga Yuni, 1992. Gwaje-gwajen masu bincike Yong-Gang Li da John Vidale sun nuna gudun igiyoyi yana ƙaruwa sannu a hankali daga 1994, alamar tsage-tsagen duwatsun zirin suna rufewa. Girgizar Hector Mine da ta auku a kusa ranar 16 ga Oktoba, 1999 ta katse wannan farfaɗowa na ɗan lokaci.